Shawarwari Takwas Kan Ɗaurin Zani Don Kare Sutura

Mutanen Nguru da Gashuwa sun san iska iri biyu: ta hunturu mai busowa daga hamada tun Nuwamba har Fabrairu, da guguwar da ke share wa damina hanya a Mayu da Yuni. Ga shiga kwale-kwale a fadamun Haɗeja da Nguru, ga cunkoson kasuwa da tasha. Zani kuwa ba shi da maɓalli ba shi da zik, ɗauri kaɗai ke riƙe da shi. Yawancin abin kunyar da ake ɗora wa tsautsayi, tun daga ɗaki ake fitowa da shi. Ga abin da ya kamata kowane gida ya kula da shi.

1. Kada a yi wa zani rowar yadi. Turmin atamfa yadi shida ne, an saba ware biyu na zani. Mai jiki sai ta sa tela ya ƙara mata rabin yadi, ko da riga za ta rage ado. Ma'aunin shi ne shafi na sama ya rufe na ƙasa daga wannan kwankwaso zuwa wancan. A gwada kafin a fita: a yi dogon taku, a tsuguna, a miƙe. In cinya ta leƙo a ɗaki, a titi sai abin da ya fi haka.

2. A sa wani abu a ciki. Fatari ko dogon wando mara nauyi shi ne kariya ta biyu idan ta farko ta ci amana. Zafin bazara ba hujja ba ne, na auduga iska tana ratsa shi. Leshi da sauran yadi mai shara-shara kuwa, a tsaya da shi a bakin ƙofa inda rana ke shigowa, wata ta duba daga ciki. Abin da duhun ɗaki ya ɓoye, rana tana tona shi. 'Yan mata ƙanana ma a saba musu da wando ƙarƙashin zani tun suna zuwa Islamiyya.

3. A taimaki ɗauri da igiya. Soke haɓar zani kaɗai ba ya isa ga mai doguwar tafiya. A sa tela ya ɗinka igiya a gefe biyu, ko ya yi wa zanin zariya. Sabuwar atamfa mai sitaci tana da santsi, a wanke ta kafin a fita da ita. A daina ƙulle kuɗi da makulli a haɓar zani, ko cusa waya a ƙugu: kowane ciniki sai an taɓa ɗaurin, a hankali yana saki. Ƙaramar jaka ta wadatar.

4. A yi wa iska dabara. Mazan Sikotland da ke arewacin Birtaniya suna da tufar gargajiya mai kama da siket, iya gwiwa, wadda ake ɗinkawa da ulu mai kauri wajen yadi takwas. Ƙasarsu ma iska gare ta, shi ya sa suke maƙala fil mai nauyi a kusurwar shafin sama, jakar fatar da suke ratayawa a gaba ma tana danne tufar. Mu ma tela zai iya yi wa bakin zani kalmasa mai faɗi, ko ya ɗinke 'yan ƙarafa masu nauyi a ciki. Mai ɗauke da kaya a ka ta bar hannu ɗaya sake. In guguwa ta taso, a raɓe jikin bango har ta wuce.

5. Hawa da sauka. Wajen shiga Keke Napep ko mota, a fara zama, sannan a shigo da ƙafafu a haɗe. Wajen sauka, a riƙe bakin zani kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. A kan babur, a tattare zani da hijabi da jelar laffaya a danne bisa cinya. Nan ba kunya kaɗai ake gudu ba: tufar da ta shiga taya tana iya fizgo mutum ƙasa ko ta shaƙe shi.

6. Ruwa ba ya rufa asiri. Jiƙaƙƙen zani mai haske mannewa yake a jiki, ya yi nauyi, ya zame. Mai zuwa wanki bakin kogin Yobe a Gashuwa, ko mai haye tafkin Nguru zuwa ƙauye, ta zaɓi zani mai duhu da kauri, ta ƙunshe busasshe a leda. A kwale-kwale a zauna ƙasa-ƙasa, kada a miƙe gyara ɗauri sai an kai gaɓa. Maza masu shiga su, irin na bikin kamun kifin Bade a Gogaram, su sa gajeren wando mai zariya da ya sauka gwiwa.

7. Maza ma da nasu. Maigidan da ke ɗaura zani don wanka ko shan iska kada ya je amsa sallama a haka, ya zura jallabiya tukuna. Maniyyaci kuwa zai yi kwanaki cikin harami ba wando, alhali al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Ya koyi ɗaurin tun a gida: ya buɗe ƙafa kaɗan lokacin naɗawa don taku ya samu fili, ya nannaɗe saman zuwa ƙasa sau uku, ya gwada zama da sujada da kwanciya. Hukuncin bel da fil a kan harami akwai saɓanin malamai, sai ya tambaya a wurin bita.

8. Idan ya faru. Wadda zaninta ya kwance ta durƙusa nan take, kada ta ruga. Matan da ke kusa su kewaye ta da mayafi, maza su kau da kai, a tsawata wa yara masu dariya. Wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ya fi kowa abin kunya a wurin, kuma labarin ba na kai wa majalisa ba ne.

Iyaye mata, ku duba 'ya'yanku kafin su fita. Magidanta, idan za a sayi atamfa, a haɗa da kuɗin fatari da igiya.