Zaɓen Ingarma Da Kiwon Dawaki A Ƙauyukan Manoma

Doki tsohon abokin zaman mutanen ƙasar nan ne. Sarakunan Barno sun yi ɗaruruwan shekaru suna sayo dawaki daga Arewacin Afirka ta hanyar hamada, Daular Oyo kuwa daga arewa take samun na mayaƙanta, domin ƙudan tsando ba ya barin doki ya daɗe a kurmi. A 1977 an yi gagarumin hawa a Kaduna lokacin bikin FESTAC, a 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa.

Amma dokin da ake gani da ado ranar hawa ba a fada aka haife shi ba. Galibi ingarmu ake hawa, goɗiyoyi kuwa suna ƙauye a hannun manoma da makiyaya. Saboda haka kyan dawakin gobe ya dogara ne ga irin ingarman da manomi zai kai wa goɗiyarsa yau. Goɗiya takan ɗauki ciki wata 11, watau kwana 340 ko kusa da haka, kuma ɗa guda take haifa. Wanda ya yi kuskuren zaɓe ya yi hasarar shekara guda da abincin da aka ci a cikinta.

Yadda Ake Zaɓen Ingarma

Mutane da yawa launi suke fara dubawa, ko kili ne, ko akawal, ko hurde. Launi ado ne kawai, ba ya ɗaukar mahayi. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ƙafafu. Tilas ne su kasance a miƙe, gaɓoɓi babu kumburi, kofato kuma mai ƙarfi marar tsaguwa. Sai a sa a ja dokin a ƙasa mai tauri, a tsaya gabansa da bayansa a ga yadda yake taku. Daga nan a dubi faɗin ƙirji da ƙarfin gadon baya.

Bayan wannan sai a buɗe baki. Idan haƙoran sama sun zarce na ƙasa ƙwarai, dokin ba ya iya kiwo sosai, kuma ana gadon wannan aibi. Haƙora kuma suna nuna shekaru. Doki yakan famshe na tsakiya yana da shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, bakinsa ya cika a shekara 5. Bai kamata a sa ingarma aikin baye sosai ba kafin ya kai shekara 4. Har ila yau a tabbata 'ya'yan marainansa duka biyu sun sauko. Wanda ɗaya ya maƙale masa a ciki ba a neman iri daga gare shi.

Hali ma abin lura ne, gama doki mai cizo da harbi yana da wuyar sha'ani, 'ya'yansa kuma sukan ɗauko shi. Mafi kyan shaida ita ce a je a ga 'ya'yan da ingarman ya riga ya haifa. Kada kuma a haɗa goɗiya da ubanta ko ɗan'uwanta, domin haɗa jini na kusa yana fito da aibin da ke ɓoye.

Lokacin Baye

Goɗiya ta isa ɗaukar ciki tana da shekara 3 zuwa 4. Wadda aka yi wa baye tun ba ta gama girma ba takan tsumbure. Takan nemi namiji bayan kowane kwana 21, neman kuma yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7. Alamunsa su ne ɗaga wutsiya, da yawan fitsari kaɗan-kaɗan, da tsayawa cik idan ingarma ya matso. Wadda ta kwantar da kunne ta kai harbi ba ta shirya ba, tilasta mata kuwa yana iya jawo wa ingarma rauni.

Ƙwan goɗiya yana fitowa ne kwana ɗaya ko biyu kafin neman ya ƙare. Don haka a fara baye a rana ta biyu ko ta uku, a riƙa tsallake kwana guda ana maimaitawa har ta ƙi. Idan mako uku ya wuce ba ta sake nema ba, mai yiwuwa ciki ya shiga, likitan dabbobi ne zai tabbatar. Goɗiyar da aka yi wa baye a watan Yuli za ta haihu wajen Yuni, lokacin da ɗanyar ciyawa ta fara samuwa, nono kuma ya wadata.

Ya kamata mai ingarma da mai goɗiya su yanke lada a gaban shaidu tun kafin baye, su kuma daidaita ko za a maimaita kyauta idan ciki bai shiga ba. Mai ingarma ya ajiye littafi yana rubuta ranar baye da kamannin kowace goɗiya. Wannan yana kashe gardama, yana kuma nuna ranar da za a sa ran haihuwa.

Cututtuka

Akwai cuta mai kisa da ake ɗauka ta wajen baye. Tana sa kumburin al'aura, da rama, da shanyewar ƙafafun baya. Ingarma guda mai ɗauke da ita yana iya ɓata goɗiyoyin gunduma ɗungum. Duk dabbar da aka ga kumburi ko ruwa yana fita daga al'aurarta, a hana ta baye, a kai rahoto asibitin dabbobi. Akwai kuma annobar dawaki wadda ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba ke yaɗawa, musamman da damina. Tana zuwa da zazzaɓi, da kumburi a saman idanu, da kumfa a hanci. Ba ta da maganin warkewa, sai rigakafi da shigar da dawaki barga kafin faɗuwar rana. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana gwada jinin da likitoci ke aika mata. Bugu da ƙari, a riƙa cire kaska, a ba da maganin tsutsar ciki bisa shawarar malamin dabbobi.

Ciki Da Haihuwa

Ɗan da ke ciki ya fi girma a watanni uku na ƙarshe. A lokacin ne za a ƙara wa goɗiya harawa da dusa da gero ko dawa, da 'yar kanwa, da ruwa mai tsabta isasshe, a kuma daina ɗora mata kaya. Hatsi mai fumfuna yana sa ciwon ciki, kada a ba ta.

Galibi da dare take haihuwa, kuma idan faya ta fashe ɗan yakan fito cikin minti 30. In ya wuce haka, a nemi taimako nan da nan. A shafa wa cibiya aidin. Duƙushi mai lafiya yakan miƙe cikin sa'a guda, ya kama nono cikin sa'a biyu. Dakashi ba ƙazanta ba ne, kada a tatse shi a zubar, domin daga gare shi ne kaɗai jariri ke samun kariyar uwarsa daga cuta. Idan mahaifa ba ta faɗo ba bayan sa'a 3, kada a ja ta da hannu, a kira likita. Ana yaye duƙushi yana da wata 6.

Manomin da ya kiyaye waɗannan ƙa'idodi zai sami duƙushin da fatake za su biyo shi har gida. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarsa, zai fi kyau tun kafin ya kai goɗiyarsa wurin ingarma.