Itacen mazari ba zai yi a Kalgo ba, ki dasa lalle

Tambaya: Na ga hoton wani ɗan itace mai suna Euonymus, mai 'ya'ya ruwan hoda. Zai yi mini shinge a lambuna? Daga wata uwargida a Kalgo.

Amsa: Hajiya, kada ki ɓata kuɗinki. Itacen ƙasashen sanyi ne irin su Ingila, inda a da ake sassaƙa mazari da shi. Zafin bazarar Kalgo da Gwandu, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, zai ƙone shi. Ga shi 'ya'yansa guba ne, kuma kyansu na jan hankalin yara.

Ki dasa lalle. Idan damina ta kankama, wajen Yuli, ki yanko rassan da suka ƙosa, tsawon kamu guda, ki soke rabinsu cikin ƙasa mai taki, tazarar kamu biyu. Ki kewaye su da ƙaya, don awaki ba sa ɗaga wa sabon toho ƙafa. A ranin farko ki riƙa ba shi ruwa da yamma. Daga baya yana jure fari. Ki dinga datse kansa domin ya yi duhu tun daga gindi. Ganyen da kika datse ki shanya a inuwa, ki daka, kin samu na ƙunshi.