Darasin Kiwo: Kula da Tumaki da 'Ya'yansu Lokacin Tsananin Sanyi

Darasinmu na wannan fitowa a kan tumaki ne. Galibinmu shanu ne sana'armu, amma da wuya ka ga kamiyo ya taso daga Arewa ba a cusa 'yan raguna ko tumaki a ciki ba, kuma da yawanmu muna da garke a gida wanda muka bar wa iyali. To shanu suna da jimiri. Tunkiya kuwa, balle jaririnta, dare ɗaya na sanyi ya isa ya raba ka da su.

Sanyi iri biyu ne a hanyarmu

Na farko shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a Kusiri da Marwa da Garwa, da Mubi da Maiduguri a ɓangaren Nijeriya. Ya fi tsanani a tudun Ngawundare, wanda tsayinsa ya kai kamar mita 1,100, inda da asuba awon zafi kan sauka kusa da digiri 10. Wannan sanyi busasshe ne, ga iska ga ƙura.

Na biyu shi ne namu na nan Duwala, wato sanyin ruwa. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, alhali na Marwa bai kai 1,000 ba, kuma ya fi yawa a Yuli da Agusta. Uda da Balami dabbobin ƙasar rani ne, ba su saba da laima ba kamar gajerun tumakin Kudu. Ku tuna Babbar Sallah tana ja da baya da kwana 11 kowace shekara. A 2006 ta faɗo cikin hunturu, a 2019 da 2020 da 2021 kuwa ta faɗo tsakiyar ruwan Duwala. Saboda haka ɗan kasuwa dole ya san duka biyun.

Tun daga ciki ake farawa

Tunkiya tana ɗaukar ciki wata 5 ne, kamar kwana 150. Mafi yawan girman ɗan yana faruwa ne a makonni 6 na ƙarshe. Wadda aka ba wa ƙaiƙayi kawai a wannan lokaci za ta haifi ɗa ƙarami, marar kitse, ita kuma ba nono. A ba ta harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da ɗan tunkuzar anguriya irin wadda SODECOTON ke fitarwa, a ƙara kaɗan-kaɗan don kada cikinta ya ɓaci. A ajiye mata gishiri ko kanwa. Ruwa kuma a ba ta bayan rana ta ɗaga, domin wanda ya kwana a waje ba ta shansa sosai.

Abu na biyu, don Allah a daina loda tunkiya mai tsohon ciki. Ni kaina na yi wannan kuskure. Na sayi wata Uda da araha, na ce ai za ta kai. Muna hawan tudun Ngawundare cikin dare ta haihu a tsakiyar raguna, ba wanda ya sani. Da gari ya waye muka tarar da tagwaye, ɗaya an tattake shi, ɗaya ya sandare. Uwar ma ba ta ƙara yin ƙiba ba. Araha ta zama tsada.

Sa'o'in farko na ɗan tunkiya

Ɗan tunkiya yana faɗowa jiƙe ne sharkaf, daga ɗumin ciki zuwa iska. Ɗan kitsen da aka haife shi da shi, shi yake ƙonawa ya samu ɗumi, kuma cikin 'yan sa'o'i yake ƙarewa. Ga abin da za a yi:

1. A share masa hanci da baki. A bar uwa ta lashe shi. In ta ƙi, ko tagwaye ne ta kama ɗaya ta bar ɗaya, a goge shi da busasshen buhu ko tsumma har ya bushe.

2. A tsoma cibiya cikin aidin. Ta cibiya ƙwayar cuta ke shiga ta kumbura gwiwoyi. Toka da kashin shanu ba magani ba ne.

3. A matsa kan nonon uwa a ga ya fito, don wani lokaci yakan toshe.

4. A tabbata ya sha dakashi cikin sa'a 2 na farko. Wasu suna tatse wannan nono mai kauri su zubar, wai ƙazanta ne. Kai jama'a, shi ne abincinsa, shi ne rigakafinsa! Bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya ƙara ɗaukar kariyar da ke cikinsa. Ƙa'ida ita ce mililita 50 ga kowane kilo a shan farko, da mililita 200 ga kowane kilo a kwanan farko. Ɗa mai kilo 3 ke nan yana son 150 a tashin farko, 600 kafin gobe war haka. In uwar ba ta da shi, a tatso na wata tunkiya ko akuya da ta haihu ranar. In babu, na saniya ma ya yi.

Yadda za ka gane sanyi ya kama shi

Lafiyayyen ɗa in ya tashi daga barci yakan yi miƙa ya nufi nono. Wanda sanyi ya kama yakan tanƙware baya, ciki a lafe, yana ta kuka, daga baya kuma ya yi shiru ya kwanta. Sa yatsa a bakinsa. In ka ji ɗumi kuma ya tsotsa, da sauƙi. In ka ji sanyi, to aiki ya same ka. Mai ma'aunin zafi ya duba ta dubura: daidai shi ne digiri 39 zuwa 40, ƙasa da 37 kuwa bakin mutuwa ne.

In yana iya ɗaga kai yana haɗiya, a goge shi, a ba shi dakashi mai ɗumi kaɗan-kaɗan, a sa shi a kwali da tsumma da kwalabar ruwan ɗumi. In ba ya iya ɗaga kai, kada a ɗura masa komai, domin huhu zai tafi ya shaƙe shi. Irin wannan, in ya wuce sa'a 5 da haihuwa, ƙarfinsa ya ƙare, allurar gulukos yake bukata kafin a ɗumama shi, kuma wannan aikin likitan dabbobi ne. Kada a kanga shi dab da wuta. Da ya farfaɗo a mayar wa uwar, don in ya daɗe za ta ƙi shi.

Garke da hanya

A Arewa, a kewaye ɓangaren gabas da arewa da zana, inda iskar hunturu ke fitowa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Kada a toshe ɗaki ruf a hura wuta a ciki. Hayaƙi da warin fitsari sun fi sanyi kawo ciwon huhu.

A hanya, ko kamiyo ne ta Bertuwa, ko jirgin ƙasa da ya isa Ngawundare tun 1974, a ɗaura tamfol ta gaba da sama, a bar gefe iska na shiga. A raba ƙanana da manya, kada a cusa fiye da kima, a tsaya a ba su ruwa.

A Duwala, ko a New Bell aka sauke ko a Bonendale, a nemi rumfa mai tudu, a sa katako ko dussar katako a ƙasa. Ragon da ya daɗe cikin taɓo kofatonsa na iya ruɓewa, kuma kun sani rago mai gurguntaka bayyananniya ko ciwo bayyananne ba ya layya. In mai saye daga Bonapriso ya zo, gaya masa kada ya ɗaure shi kan siminti a fili ruwa na dukansa. In ya mutu kafin Sallah, sunanka ne zai ɓaci, ba nasa ba.

Cutar da ke biyo sanyi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Dabbar da ta sha sanyi da gajiyar tafiya ita annobar tumaki da awaki, wadda likitoci ke kira PPR, ke saurin kayarwa. Alamunta zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambon baki, tari da zawo. An fara gano ta a Kodebuwa a 1942, kuma a 2015 hukumomin duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Ba ta da magani, sai rigakafi. LANAVET ta Garwa tana yin allurar, haka ma cibiyar Vom a Nijeriya, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekara 3 ko fiye. A yi ta makonni 3 kafin tafiya, a riƙe takardar likita don kan iyaka. Sababbin dabbobi kuma a ware su tukuna kafin a haɗa da na gida.

Wanda ya karanta ya karanta wa yaransa masu bin kaya, domin su ke kwana da dabbobin, ba mu ba. A aika wa na gida ma kafin hunturu ya shigo. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, amin.