Darasi na 14: Dogon Yaro, Maganin Ƙwarin Lambu

Karanta wannan bayani, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Babban abokin gabar mai lambu shi ne ƙwaro. Tsutsa da fara kan cinye ganyen kabeji da alayyafo da kuɓewa, har manomi ya tashi a tutar babu. Maganin feshi na kanti yana da tsada. Haka kuma, idan aka fesa shi dab da lokacin ɗiba, gubarsa takan saura a jikin kayan lambu ta cutar da masu ci. Saboda haka manoma da yawa suke komawa ga dogon yaro.

Asalin wannan bishiya ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta. Hausawa suna kiranta dogon yaro ko darbejiya ko maina. Daga Hausa ne sunan "dongoyaro" ya bazu zuwa kudancin Nijeriya. A cikin ƙwallon 'ya'yanta akwai wani sinadari mai ɗaci wanda yake hana ƙwaro cin ganye, ya kuma hana tsutsa yin saɓa, sai ta kasa girma.

Ga yadda ake haɗa maganin. A tsinto nunannun 'ya'ya, a wanke, a shanya ƙwallon a inuwa. Idan ya bushe, a ɓare shi, a daka ƙwayar ciki a turmi. A jiƙa rabin kilo na garin a cikin ruwa lita 10, a bar shi ya kwana. Washegari a tace da ƙyalle, a zuba ɗan sabulu domin maganin ya manne wa ganye.

Da yamma ake yin feshi, domin hasken rana yana kashe ƙarfin maganin. A fesa saman ganye da ƙarƙashinsa, inda ƙwari suke ɓuya. A maimaita bayan kwana 7.

Wannan magani ba ya kashe ƙwaro nan take. Sai bayan 'yan kwanaki ake ganin aikinsa. Don haka wajibi ne manomi ya riƙa duba lambunsa, ya fara feshi tun ɓarna ba ta yi yawa ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Sababbin Kalmomi
saɓa: canja fata, kamar yadda maciji yake yi
ɓare: cire ɓawo
jiƙa: sa abu cikin ruwa
tashi a tutar babu: rasa komai

Tambayoyi
1. Kawo illoli biyu na maganin feshi na kanti.
2. Yaya dogon yaro yake hana ƙwari ɓarna?
3. Me ya sa ake zuba sabulu?
4. Don me ba a feshi da rana tsaka?

Aiki
Rubuta jimloli biyar da suka fara da "A", kamar "A tace da ƙyalle", ka bayyana yadda ake dafa wani abinci na garinku.