Darasi: Maganin Gargajiya da Ma'aunin Gwaji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, neman magani riƙo ne da sababi, ba ya warware tawakkali. Sai dai wajibi ne muridi ya bambance sababin da aka gwada da wanda aka ji a bakin kasuwa. Hanyar gwajin likitoci ita ce a raba marasa lafiya kashi biyu, a bai wa kashi ɗaya maganin, ɗayan a ba shi abin da ba magani ba, sannan a gwama. Dalili kuwa, mura da tari sukan tafi da kansu, sai a jingina sauƙin ga abin da aka sha.

Zuma ta samu shaida a wannan ma'auni: tana sassauta tarin mura ga yaro. Amma ba a bai wa jaririn da bai cika shekara 1 ba, domin takan ɗauko ƙwayar cutar da ke sa jikinsa ya saki. Zoɓo marar sukari yana ɗan rage hawan jini, amma bai kai ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta ba. Ganyen zogale abinci ne mai gina jiki. Wannan bai mayar da shi maganin ciwon suga ba.

Babban darasi yana cikin masassarar cizon sauro. Maganinta da ake bayarwa yau a gidajen likita asalinsa ganye ne, dangin tazargade. Wata masaniya ƴar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka fitar da sinadarinsa a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Duk da haka, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan shan dafaffen ganyen a madadin ƙwayar. Ƙarfin ganye yana bambanta daga gona zuwa gona. Idan ya gaza, sai zafin jiki ya lafa alhali cutar tana nan cikin jini, har ta koyi jure wa magani.

Saboda haka idan jikin yaro ya yi zafi, musamman da damina, a kai shi gidan likita a ranar. Gwajin ɗigon jini ba ya wuce minti 20. Jinkirin kwana biyu kan jiƙo yana iya kai shi ga suma. Wanda kuma yake shan sassaƙe, ya faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, don wasu itatuwan ba sa jituwa da ƙwayoyi.

Jiki amana ne, yaro kuma amana ce a wuyan mahaifinsa. A yi addu'a, a kuma je gwaji. Allah ya ba marasa lafiya lafiya. Amin.