FILIN MANOMA: Yadda Ake Ƙyanƙyasar Ƙwan Salwa

Salwar da ake kiwo a gida asalinta daga Japan take. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ce ta shigo da ita Nijeriya a 1992. Tana soma ƙwai tana da mako 6 ko 7, amma ba ta cika yin kwanci ba. Saboda haka mai kiwo shi ne zai zame wa ƙwan uwa. In ya yi sakaci, kuɗinsa da wahalarsa sai su ƙare a baragurbi.

Zaɓen ƙwai. Lalle a haɗa namiji ɗaya da mata uku, gama ƙwan da ba a yi barbararsa ba ba ya ƙyanƙyashewa. A zaɓi mai tsabta, marar tsaga, wanda bai wuce kwana 7 ba. Kada a wanke shi. A ajiye shi wuri mai sanyi, tsinin yana ƙasa.

Zafi. A kunna na'urar ƙyanƙyasa kwana guda kafin a zuba ƙwai, har ma'aunin zafi ya tsaya a digiri 37.5 na Salshiyos. Zafin da ya wuce kima ya fi saurin kisa bisa ɗan sanyi. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara mai aiki da kananzir ko hasken rana.

Juyawa. A sa wa kowane ƙwai alama da fensir a gefe ɗaya, a riƙa juya shi sau 3 ko 5 kowace rana, don kada ɗan ya manne da ɓawo. Ana zaɓen adadin da ba ya rabuwa biyu ne domin kada ƙwai ya kwana gefe ɗaya dare biyu a jere.

Laima. Kada kaskon ruwan da ke cikin na'ura ya bushe, tun ba lokacin hunturu ba. In iska ta bushe, fatar cikin ƙwai takan yi tauri, ɗan ya kasa fasa ta, ya mutu ciki.

Kwanakin ƙarshe. A nan ne aka fi yin hasara. Daga rana ta 14 a bar juyawa, a ƙara ruwa, a rufe na'ura. Ran 17 ko 18 za su soma fitowa. Mai ɗokin buɗewa don ya leƙa, laimar yake fitarwa. Kada kuma a ɓare wa ɗan tsako ɓawo, gama jijiyoyin jini kan tsinke.

In sun bushe, a mai da su wuri mai ɗumi kusa da fitila. Sa'an nan a zuba tsakuwa cikin kaskon ruwan shansu, domin ƙanana ne ƙwarai, ruwa kaɗan ya isa ya nutsar da su. Wanda ya kiyaye waɗannan, kafin wata biyu 'yan tsakinsa sun soma yi masa ƙwai.