Ƙaimi, Totur da Batir: Salon Maganar Ƙara Himma a Hausa, Ingilishi da Sifaniyanci

1.0 Gabatarwa

Lakoff da Johnson (1980) sun nuna cewa ɗan'adam yakan aro surar abin da yake gani domin bayyana abin da ba ya ganuwa. Wannan maƙala ta ɗora ra'ayin a kan salon maganar ƙara himma da hanzari, ta kwatanta Hausar Jahun, a masarautar Dutse, da Ingilishi da Sifaniyanci. Manufar ita ce a nuna wa mai fassara cewa aikin da magana take yi ake fassarawa, ba surarta ba.

2.0 Tushen Sura

Tushe na farko shi ne jiki da sutura. Manomin Jahun da ya fita gayya yakan ce "mu zage damtse" ko "mu ɗaura ɗamara". Bature na cewa "roll up your sleeves", Basifaniye kuma "arremangarse", dukkansu naɗe hannun riga ke nan. A nan harsunan uku sun yi tarayya.

Na biyu shi ne abin hawa. Ƙaimi ƙarfe ne da mahayi ke ɗaurawa a diddige yana zungurar doki, kamar yadda ake gani a hawan Sallah a Dutse. Daga nan aka sami "ƙara ƙaimi". Da mota ta zo, Ingilishi ya samar da "step on it", Hausar tasha kuma ta samar da "taka totur" da "ba ta wuta". Sifaniyanci ya ɗauko batir: "ponerse las pilas", wato mutum ya sanya wa kansa batir, ana faɗa wa wanda ya yi sanyin jiki.

3.0 Matsalar Fassara

Idan aka fassara "pull your socks up" da "ja safarka sama", ɗalibin da aka tsawatar ba zai san an tsawata masa ba. "Ƙara ƙaimi" ce ta dace. Haka "shake a leg" ta yi daidai da "ɗaga ƙafa", sai dai akwai tarko: "ɗaga ƙafa mu isa kafin magariba" umarnin sauri ne, amma "ɗaga masa ƙafa" roƙon sassauci ne ga wanda ake bi bashi. Wakilin suna guda ya juya ma'anar.

Har ila yau, Hausa ta bambanta hanzari, wanda ake yabo, da gaggawa, wadda ake ce wa aikin Shaiɗan. Saboda haka "darse prisa" ta fi dacewa da "yi hanzari", domin a Sifaniyanci ba ta ɗauke da zargi.

4.0 Kammalawa

Kafin mai fassara ya zaɓi salo, ya kamata ya tantance abu biyu: himma ake nema ko sauri, kuma zuga ake yi ko tsawatarwa. Ya dace masu tsara ƙamus su riƙa rubuta waɗannan bayanai a gaban kowane salon magana, tare da jimlar misali.